Yayana Lauya da Gonar Bakin Titi

Wanda ya ba mu Yaya ya karɓi abinsa ranar wata Laraba da hantsi, damina na tsakiya. Daga gare Shi muke, can kuma za mu. Mu bakwai ne a ɗakin mahaifiyarmu, shi ne babba ni ce auta, yanzu saura ni kaɗai. Don haka ni aka zaunar a tsakar gida kusa da matarsa muna karɓar gaisuwa.

Jama'a sun zo, ba laifi. An zo daga Baure, an zo daga Dutsi, har 'yan kasuwar Kongolam sun cika mota guda. Wata tsohuwa ta riƙe hannuna tana kuka, ta ce ba don takardar da ya rubuta mata ba da 'yan'uwan mijinta sun fitar da ita daga gidan da ta haifi 'ya'ya tara. Tsohon masinjan ofishinsu ya aiko a gaya mana cewa shekara da shekaru yana kai masa fayil, bai taɓa ganin ya sa hannu a abin da bai karanta sau biyu ba. An ce ma wani tsohon ciyaman ya faɗa a zaure, yana 'yar dariya, "Allah ya jiƙansa, amma fa ya ba mu wahala." Duk wadda ta shigo ta ce, "Ya ƙarin haƙuri?" mu ce, "Da godiya."

A ƙofar gida aka yi masa salla, saboda haka muna jin komai daga ciki. Da aka idar liman ya ɗaga murya ya ce duk wanda mamacin nan ya saɓa wa, don Allah ya yafe masa. Sai jama'a suka amsa gaba ɗaya, "Mun yafe, duniya da lahira!" Matan da ke gefena suka ce ma sha Allah, ya yi goshi. Ni kuwa wallahi raina ne ya ɓaci. Na ce a zuciyata, ku da me ya yi muku? Yafiyar mutum ɗaya tak Yaya ya shafe shekara ashirin yana nema, kuma mutumin ba ya cikin sahun nan, ya daɗe a kabari. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan. Idan na bar shi da yabon zaman makoki, to ba Yayana aka tuna ba, wani mutum ne daban.

Lauyan ƙaramar hukuma ne, ɗaya daga cikin na masarautarmu ta Daura, ba sai na faɗi wacce ba. Shi ke rubuta musu dokokin kasuwa da na tasha, shi ke duba takardun kwangila, shi ke tsaya musu a kotu idan an kai su ƙara. Ni kuma ma'aikaciyar jinya ce a sashen lafiya na hukumar, ɓangaren haihuwa. Kullum da safe yakan ɗauko ni a tsohon babur ɗinsa, baƙar kwat ɗin nan tasa a naɗe cikin leda, ɗaure a baya. Jan biro ba ya rabuwa da aljihunsa. Mutumin da ko katin ɗaurin aure ka miƙa masa sai ya gyara maka kuskure kafin ya ce Allah ya sanya alheri! Nakan ce masa, "Yaya, wata rana takardar mutuwarka ma sai ka tashi ka gyara." Ya ce, "In kun rubuta daidai, Auta, ba sai na tashi ba."

Yana da wata al'ada da babu lauyan da na sani yana yi. Duk shari'ar da ta shafi ƙasa, ba ya shiga kotu sai ya je ya taka filin da ƙafarsa. Zai bi iyaka daga kusurwa zuwa kusurwa, ya duba gambar da aka dasa a kan iyaka, ya tambayi shekarun bishiya, ya zauna da mai unguwa, ya sha ruwan gidan mutumin da zai kara da shi. Yakan ce, "Takarda a ofis aka haife ta, ba ta san gona ba." Sau da yawa in ya dawo sai ya rubuta wa ciyaman cewa ba mu da gaskiya, a janye. Akwai lokacin da aka so a yanka burtalin shanu a raba filaye, sau uku ana turo masa fayil, sau uku yana mayarwa da layi ɗaya na jan biro: doka ba ta yarda ba. Aka ɗauke shi daga ofishinsa aka kai shi wani ɗaki kusa da sito, ko fanka babu. Ya sayi mafici ya ci gaba da aikinsa.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, zaurensa ba masaka tsinke. Matan da suka fita takaba, manoman da aka ci wa iyaka, 'yan fansho da aka manta da su. Ya saurara, ya rubuta, ya gaya wa mutum ƙofar da zai buga. In an kawo masa kaza ya ce, "Iya, mayar da ita gida ta yi miki ƙwai." Matarsa kan yi mita, wai ita ce matar lauya ta farko a duniya da ba ta san ɗanɗanon kazar godiya ba.

Da aka dawo da Shari'a, garin nan ya yi murna irin wadda ban taɓa gani ba. Yaya ma ya yi, amma tasa murnar daban ce. Da furfurarsa ya ɗauki littafi ya koma gaban wani malami a cikin birni, kullum bayan asuba, yana karatun hukunce-hukuncen shaida da rantsuwa. Na tsokane shi na ce ko alƙalanci yake nema. Ya ce, "Boko ta koya mini yadda ake cin shari'a. So nake in koyi yadda ake adalci." Kaico! Da na san inda karatun nan zai kai shi, da na ɓoye littafin.

A shekarun farko na Shari'ar ne hukuma ta ce za ta gina ƙaramin asibitin haihuwa a wani ƙauye. Ni ce kan gaba wajen neman asibitin nan, domin ni ke karɓar matan da ake ɗaukowa a amalanke, wasu sun riga sun cika a hanya. Filin da aka zaɓa wata gona ce a bakin titi. Hukuma ta ce tata ce tun zamanin En'e, akwai wata tsohuwar taswira. Wani dattijo manomi ya ce ƙarya ne, gonar ubansa ce, a cikinta ya koyi riƙe fartanya. Aka kafa masa turaku a tsakiyar gero, shi kuma ya kai ƙara kotun Shari'a.

Yaya ya hau babur ya tafi taka fili kamar yadda ya saba. Tsohon ya karɓe shi hannu bibbiyu, duk da ya san lauyan hukuma ne. Ya sa aka dama masa fura, ya zaga da shi ko'ina, ya nuna masa tsamiyar da ubansa ya shuka da tsohuwar rijiyar da ta rufta. Mutumin kirki ne marar wayo, ya yi ta zuba. Ya ce shaidunsa biyu ne, sauran duk sun mutu: maƙwabcin gonarsa, da wani amininsa da ya ara wa kusurwa guda yana shuka gyaɗa. Har ya ƙara da cewa, "Ni, ɗana, tun da nake ban taɓa dafa Littafin Allah ba. Ubana ya yi mini wasiyya, ko da gaskiyata kada in rantse a kan abin duniya." Yaya ya dawo da yamma, na tare shi tun bai kashe babur ba.

Na ce, "Yaya, ya ka gani?"

Ya ce, "Gonarsa ce, Auta."

To, nan ne nawa laifin. Na hau shi da faɗa. Na ce kullum kai ke nan, doka ba ta yarda ba, doka ba ta yarda ba! Ka zo ka ga abin da nake gani mana. Tsoho ɗaya da gonar gero, da rayukan mata, wanne ya fi? Na gaya masa abin da ake faɗa a sakatariya, wai ba a san ko lauyan hukuma ba ne ko na masu ƙarar hukuma. Na ce sau ɗaya a rayuwarka ka ci mana shari'ar da za ta amfani mutane. Bakina ba shi da linzami in raina ya ɓaci, kowa ya sani. Sai kawai ya tura babur ɗinsa cikin zaure.

Ranar shari'a ina zaune a bencin baya. Shaidun tsohon suka yi bayani tiryan-tiryan, da a nan aka tsaya da ya ci. Alƙali ya juyo ya tambayi Yaya ko yana da suka a kan shaidun. Na ga ya miƙe a hankali. Ya ce shaida na biyu yana noma wani yanki na gonar, yana cin moriyarta, kuma ba a karɓar shaidar mai jawo wa kansa amfani. Alƙali ya tambayi mutumin, ya ce haka ne, gyaɗa yake ɗan shukawa. Aka zubar da shaidarsa. Saura shaida ɗaya, kuma hukuncin a fili yake: mai ƙara ya cika da rantsuwa, a ba shi gonarsa.

Alƙali ya ce, "Baba, je ka yi alwala ka zo ka dafa. Kana rantsewa shi ke nan, gona taka ce."

Tsohon ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ba zan iya ba."

"Ba gonarka ba ce?"

"Tawa ce. Amma ba zan ɗora hannu a kan maganar Allah saboda ƙasa ba. Ƙasar da gobe za a zuba mini ita a ka?"

Alƙalin nan ya yi iya yinsa, Allah ya sani. Ya bayyana masa cewa rantsuwa a kan gaskiya ba zunubi ba ce. Ya ɗaga zaman mako guda don a lallashe shi. Limamin ƙauyensu ya yi magana, 'yarsa ta yi kuka, bai motsa ba. Da aka dawo ya sake ƙi, sai rantsuwa ta koma kan hukuma. Wani jami'in filaye da ko hanyar ƙauyen bai sani ba ya yi alwala, ya dafa, ya rantse a kan abin da taswira ta nuna masa. Kafin azahar an gama. A bakin kotu tsohon ya tsaya ya dubi Yaya, ba harara ba zagi, ya ce, "Ashe abin da ka zo gani ke nan, ɗana."

Ni fa murna na yi, ba zan ɓoye ba. A sakatariya aka yi ta ba Yaya hannu, aka mayar da shi ofishinsa mai fanka. Na je gidansa da yamma da kwanon dambu, na tarar ko kwat bai cire ba. Ya ce, "Kin san abin da na yi? Ban faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Da furarsa a cikina na yanka shi." Na ce don Allah ya daina wannan magana, in aka buɗe asibiti zai manta.

Ba a buɗe ba. An haƙa harsashi, an jera bulo layi uku, aka yi zaɓe, sababbi suka hau. Bayan damina biyu sai ga shaguna a jere a bakin titin, bayansu kuma filaye an yanka wa masu uwa a gindin murhu. Matan ƙauyen har yau a hanya suke haihuwa. Yaya ya rubuta takarda ya fi a ƙirga yana cewa tunda ba a yi abin da aka karɓi gonar dominsa ba, a mayar wa mai ita. Wani ciyaman ya ce masa, "Haba Barista, kai fa ka ci mana shari'ar, yanzu kuma ka ce mu yi amai mu lashe?" Wa'adin ɗaukaka ƙara ya daɗe da wucewa, tsohon ma ya ce shi da kotu har abada. Yaya bai jira shekarunsa sun cika ba ya ajiye aiki.

Tsohon ya koma gidan 'yarsa a wani ƙauye ta wajen Dutsi, domin ba shi da abin nomawa. Sai da Yaya ya yi shekara yana jan ƙafa kafin ya iya zuwa. Aka yi masa shimfiɗa, aka kawo ruwa, tsohon ya tambaye shi iyali ɗaya bayan ɗaya. Yaya ya sauka daga kan tabarma ya durƙusa a ƙasa, ya ce ya zo neman gafara. Ya ce zai saya masa wata gonar da ta fi waccan. Tsohon ya ce shi ba gona ya rasa ba, gonar ubansa ya rasa. Sannan ya ce, "Tashi, Lauya. Aikinka ka yi. Ni na bar wa Allah."

Da ya ba ni labari na ce to alhamdu lillahi, ai magana ta wuce. Ya girgiza kai. Ya ce, "Auta, aikina ke nan sauraron abin da mutum ya faɗa da abin da bai faɗa ba. Bai ce ya yafe ba. Ɗaukaka ƙara ya yi, kuma kotun da ya kai ni ba a sukar shaida." Ya koma sau biyu bayan nan, amsar ba ta canza ba. Kafin ya yi na huɗu aka aiko tsohon ya rasu.

Daga nan Yaya ya zama wani iri. Bai daina zaman Juma'a ba, ya ma ƙara, har ya riƙa bin mutane kotu kyauta. Amma in aka yabe shi sai ya tashi ya bar wurin. Ya je Hajji, na ɗauka zai dawo da sauƙi a ransa, ya ce mini abin da ke tsakaninsa da Ubangiji yana sa rai, haƙƙin bawa kuwa sai bawan. Muka yi faɗa sosai wata rana. Na ce yanke ƙauna daga rahamar Allah ma zunubi ne, kuma in laifi ne ai ni na tunzura shi, ya ɗora mini rabi mana. Ya ce, "Ke faɗa kika yi. Ni na miƙe tsaye." Wata guda ba mu yi wa juna magana ba, sai da matarsa ta shiga tsakani.

Da ciwo ya kwantar da shi, ni ke jinyarsa. Ana saura kwana biyu ya cika, da rana tsaka, ya sa matarsa ta matso, ya kama hannuna. Ya ce in ya tafi in je wurin 'yar tsohon nan. Ita ta yi jinyar ubanta, wataƙila ya faɗi wata magana a ƙarshe wadda ba a gaya mana ba. Shi ya kasa tambaya, tsoron amsar yake ji. Na ce zan je. Matarsa ta ce, "Ki je, Auta, ki zo mini da labari, ko na samu in runtsa."

Bayan addu'ar bakwai na shiga mota. Na tarar da matar tana sussukar gero a tsakar gida, ita ma ta manyanta. Ta gane ni tun kafin in faɗi ko ni wace ce. Ta ce ta ji rasuwar, ta yi mini ta'aziyya yadda ya kamata, ta shimfiɗa mini tabarma. Na rasa ta inda zan fara, ni da ba a raba ni da baki. Daga ƙarshe na ce, "Baiwar Allah, saƙon mamaci na kawo. Don girman Allah ku yafe masa."

Ta ce, "Hajiya, ni nawa na yafe tuntuni. Rabon da zan samu a gonar, da wahalar da na sha, duk na yafe. Na ga yadda ya durƙusa a ƙasar nan."

Na ce, "Baba fa? Bai ce komai ba kafin ya cika?"

Ta kaɗe ƙaiƙayi daga zaninta. Ta ce, "Kina so in faɗa miki gaskiya?" Na ce ita na zo nema. Ta ce ranar da zai rasu ya kira su ya yafe wa kowa, ya ambaci mutane ɗaya bayan ɗaya, har da jami'in da ya rantse, wai shi bai san komai ba, takarda aka nuna masa. Da ta ji bai ambaci Yaya ba sai ta ce, Baba, lauya fa? Ta sake tambaya, ko bai ji ba. Ya ji. Ya ce, "Shi ya gani da idonsa." Ya juya fuskarsa bango, bai ƙara magana ba.

Na roƙe ta, wallahi har da hawaye, na ce ita ce magajiyarsa, ta yafe a madadinsa. Ta ce, "Da ina da iko da na yi, Hajiya. Ba nawa ba ne." Ta raka ni har bakin hanya, ta tsaya har na samu mota.

Wanda duk ya karanta wannan, in Yaya ya taɓa rubuta maka takarda ko ya tsaya maka a kotu, kada ka tsaya a cewa mutumin kirki ne. Ka roƙa masa Allah ya sanyaya zuciyar wancan tsoho a kansa ranar da za su tsaya, ka sa da ni a ciki. Allah ya haskaka kaburburansu su biyun. Ban san wata hanya da ta rage ba.

Na iso gida la'asar sakaliya. Matar Yaya tana zaune a ƙofar ɗakinta cikin takaba, carbi a hannu, da alama tun safe take duban ƙofa. Ko mayafi ban cire ba ta ce, "Auta, me suka ce?"

Na ce, "'Yar ta ce ta yafe."

Ta ɗaga hannu sama ta ce, "Alhamdu lillahi! Yau zan yi barci." Ba ta tambaye ni uban ba. Ni ma na shige ɗaki na rufo ƙofa.